Yadda Na Gyara Keken Ɗinkin Fata Har Ya Ɗinke Ni

Gidanmu gidan dukanci ne tun kaka da kakanni, a wani ƙauye kusa da Ringim, amma ni boko ya ɗauke ni na zama malamin firamare, shi ya sa Baffana ya daɗe da yanke hukuncin cewa hannuna bai dace da riƙe komai ba sai alli. Wannan magana ta daɗe tana sukata. Da na sayar da riɗina a kasuwar Gujungu wata Lahadi bayan kaka, sai na wuce Kano da niyyar shigo da zamani cikin sana'ar gidanmu. Mai shagon kekunan ɗinki ya fara nuna mini wani tsohon keken ɗinkin fata ƙirar Singer 29, da ya faɗi kuɗinsa na yi kamar ban ji ba, na nuna ƙaramin keke ɗan Sin, irin na masu gyaran takalma a bakin titi, wanda ake juyawa da hannu. Na san araha ba ta ado, amma na ɗauka da ilimina zan yi mata adon da kaina.

Da na buɗe kwalin a zaure, sai na tarar da ƙarfe cikin baƙin giris, da ƙafafu uku sirara kamar na zalɓe, da takardar bayani cikin wani irin Turanci da ni mai koyar da Turanci a aji 4 na kasa gane kansa. Na wanke shi tas da kananzir a cikin tasar uwargida, abin da ya jawo muka yi kwana uku muna cin tuwo mai ƙamshin fitila.

Gwajin farko bai yi daɗi ba, domin allura ba ta yin taku uku sai zare ya tsinke. Da na bi hanyar zaren da yatsa, sai na gane cewa an zubo ƙarfen ne aka bar shi da kaushi da ƙananan kaifi, tun daga ramukan sama har zuwa bakin ƙoshiya, wato gidan zaren ƙasa, kowanne yana jiran zare kamar aska. Na yi kwana biyu ina gogewa da samfefa. Kwarkwaron kuwa, wanda ake naɗa zaren ƙasa a jikinsa, bai fi maɓallin riga girma ba, na kuma zage shi iya zagi saboda ƙanƙantarsa, ban san shi ne zai cece ni ba wata rana. Wajen mayar da ƙoshiya na kuskure mazauninta da haƙori ɗaya, alhali dole ne ƙugiyarta ta iso daidai lokacin da allura ta fara ɗagowa, ta cafke zaren sama. Sai da na karya allura huɗu kafin na fahimci wannan, Baffa yana gefe a kan buzunsa yana ƙirgawa da ƙarfi, yana soka basillarsa cikin natsuwa.

Wannan keken ba shi da haƙoran ƙasa irin na keken tela. Ƙafar da ke danne fata daga sama ita ce mai haƙora, ita ke jan fatar, kuma tana juyawa kowace fuska, shi ya sa ake iya ɗinka cikin takalmi da shi. Sai dai haƙoran nata kamar na zarto suke. Na gwada shi a kan jar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, Baffa ya ɗaga ta ya duba a rana, ya ce, "Malam, wane kare ne ya tauna mini wannan?" Haushi ya sa na ɗauko magagari na goge haƙoran gaba ɗaya har suka yi sumul. Daga nan ƙafa ta daina kama fata, allura ta tsaya wuri ɗaya tana sara har ta huda rami. Maƙerin garinmu ne ya sake tsaga mata ƙananan haƙora, bayan ya tambaye ni ko a makaranta haka muke gyara yara.

Ƙafafun zalɓen nan sun kasa riƙe keken, sai na ɗauko tsohon turmin uwargida na kife shi, na ɗaure keken a kai da noti. Na shafa masa koren fenti, na rubuta "Zamani Riga" a jikinsa da farin fenti. Da na tsaya nan, da na tsira da mutuncina. Amma na lura juyawa tana cinye hannu ɗaya, kuma garinmu babu wutar lantarki balle a sa masa inji, sai na kafe tsohon kekena na hawa a kan turaku, na cire tayar baya da birki, na haɗa wilin da abin juya keken ɗinki ta hanyar bel ɗin injin markaɗe. Ɗan ƙanena mai shekara 12 na naɗa direba.

Ana jibi Babbar Salla aka kawo majayin sirdin Dagaci, wanda zai raka Hakimi hawa, fatar bakinsa ta warware. Baffa ya miƙa hannu, na riga shi karɓa. Labari ya zaga gari, zaure ya cika, ni kuma na sanya babbar rigata ta shadda don ranar ta cancanci haka. Da farko yaron ya taka a hankali, ɗinki ya tafi sambal, har na ji wani dattijo yana cewa boko bai faɗi ƙasa banza ba. Yabon nan ne ya shiga kan direba, ya miƙe tsaye a kan feda kamar mai tseren zuwa Ringim. Hannun rigata ya zamo daga kafaɗa, ya shige ƙarƙashin ƙafar keke tare da majayi. Na yi ihu na ce, "Tsaya!" Shi kuma cikin hayaniya ya ji "Taka!" Birki kuwa ni da kaina na cire shi. Keke ya yi ta jan rigata, ni kuma ina bin ta ina sunkuyawa, har goshina ya kusa taɓa rubutun "Zamani Riga", sannan zaren ƙaramin kwarkwaron nan ya ƙare, ɗinki ya daina kamawa.

Zaure ya yi tsit, sannan ya fashe da dariya. Baffa ya taso ya duba ɗinkin, ya ja da ƙarfi, ya tabbatar wa jama'a cewa bai taɓa ganin zaren roba ya kama fata da shadda haka ba. Na roƙe shi ya warware a hankali. Ya ce, "Malam, fatar ta Dagaci ce, rigar kuwa taka ce," ya zaro wuƙarsa ta dukanci ya yanke hannun rigar. Sauran ƙyallen ya tsince shi da daddare, ya gama aikin da basilla.

Na je idi da rigar bara. Keken yana nan a zaure, amma Baffa ya ƙwace shi, ya cire bel da zare gaba ɗaya, yana juya shi da hannu don ya huda masa ramuka a jere, sannan ya bi su da basillarsa. Uwargida kuma ta ba ni wa'adin zuwa kasuwar Gujungu mai zuwa in kawo mata sabon turmi da sabuwar tasa.