Taka totur ba ya fitar da tarakta daga taɓo

Da yawa suna ɗauka idan tarakta ko katafila ta kafe, ƙara wuta ne magani. Ai kuwa nan ake ƙara nutsewa. Tayar da ke juyawa wuri ɗaya rami take haƙawa, har cikin motar ya zauna a laka, lakar kuma ta riƙe ta gam kamar ana tsotsa.

A tsaya tun farko. A sauke kaya, a kwashe lakar da ke kewaye da tayoyi da shebur, a shimfiɗa katako ko duwatsu, sannan a yi ribas a hankali ta sawun da aka shigo.

In ja za a yi, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa, wato ƙarfen da ake maƙala tirela a bayan tarakta. Ɗauri sama da shi na iya kifar da taraktar da ke ja ta baya. Kowa ya matsa nesa, sarƙa in ta tsinke tana iya yin kisa.