Biyu a cire uku

Kun dai san tun dawowata Jidda nake fama da Lean, manhajar nan da Leonardo de Moura ya fara a 2013, mai bin hujjar lissafi layi-layi. Ba ta jin "ai a bayyane yake". Ta wani wasan koyon Lean na malamin lissafi Kevin Buzzard na shiga, inda ko 0 + n = n sai ka kafa mata hujja daga sifili zuwa sama.

To daren Alhamis bayan isha'i, a majalisar gidan Yaya, na buɗe kwamfuta ina cika baki cewa wannan abar ba ta taɓa karɓar ƙarya. Ɗan Yaya, wanda ko gashin baki bai tsiro masa ba, ya ce, "Baffa, ba ni in gwada." Ya rubuta 2 - 3 = 0, ya bi shi da rfl, wato umarnin da ke ce mata ta duba ko ɓangarorin biyu daidai suke. Na ce in ta karɓa, mandin kowa a wuyana.

Ko ɗigon ja na alamar kuskure bai fito ba. Na cire tabarau na goge, na mayar. Na ce a ba ta lokaci tana tunani. Muka zuba mata ido, mutum ya kai goma, sai ƙarar fanka. Na ce intanet ne. Yaron ya ce, "Baffa, ai a kan kwamfutarka take aiki." A gaban jama'a ya karantar da ni: in ba ka faɗi irin lambar ba, Lean tana ɗaukar ta a lambobin ƙirga, su kuwa ba sa sauka ƙasa da sifili, ragi in ya kai nan sai ya tsaya. Ya ƙara da 5 / 0 = 0. Shi ma ta karɓa.

Duk wannan da sauƙi, Alhaji mai dabino ne ya ƙona mini rai. Mutumin da canjin riyal hamsin sai ya danna waya, shi ne ya yi dariya har shayi ya zube masa a jallabiya. Wai na'urar ta fi ni sanin duniya, mai riyal biyu da ake bin uku ai aljihunsa sifili ne. Dole ya san wannan, tun hajjin bara nake bin sa kuɗi, kullum sai an sayar da kaya. Da muka je cin mandin ma sai da ya sa aka ƙulle masa na iyali.

Yaron kuma yanzu wai ya koma Rocq, wata manhajar irin Lean.