Ga wanda ya haura shekara 40: yaushe rabonka da awon jini?

Assalamu alaikum 'yan'uwana, musamman tsararrakina maza da mata da suka kai shekara 40 ko suka wuce.

Akwai maganar da ta yi yawa a bakinmu: "Ni lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi." Wallahi wannan ba hujja ba ce. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum zai shekara da shekaru da shi, yana ci yana sha yana fita nema, bai ji komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya fiye da biliyan 1 ne ke fama da shi, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba. Da yawa sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko zuciya ta buga ake gano abin da ya daɗe yana cin su.

Awon kuwa bai kai minti biyar ba. Lamba biyu na'urar ke nunawa: ta sama ƙarfin jini ne a lokacin da zuciya ta matsa ta turo shi, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Ƙasa da 120 bisa 80 shi ake so. Idan aka auna ka a ranaku biyu mabambanta aka samu 140 bisa 90 ko fiye, to kana da hawan jini, ko da kana jin ƙarfi kamar ɗan shekara 20.

Ku dubi tiyo idan aka matsa masa ruwa fiye da kima dare da rana. Haka jijiyoyin jini suke. Bangonsu na ciki yana gurjewa, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta ƙuntace. Ita zuciya dole ta ƙara ƙarfi, namanta ya yi kauri, daga baya ta gaji. Ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa duk ƙananan jijiyoyi ne ke ciyar da su, su ma suna shan wahalar. Kuma da shekaru suka fara ja, jijiyoyin kansu suna yin tauri, shi ya sa jinin da yake daidai a ƙuruciya yake iya hawa a tsakiyar rayuwa. Mata su lura sosai: bayan ɗaukewar al'ada haɗarin ciwon zuciya yana ƙaruwa.

A shekarar 1945 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya mutu sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, bayan ya daɗe da hawan jini mai tsanani, a zamanin da babu maganin kirki. A 1948 aka fara bibiyar mutane fiye da 5,000 a garin Framingham da ke Amurka, kuma wannan binciken ne ya nuna ƙarara cewa hawan jini, shan taba, yawan kitse a jini, ciwon suga da ƙiba su ne ke share wa ciwon zuciya hanya. Mu yau akwai ilimin, akwai maganin. Abin da ya rage mana sakaci ne.

Sai maganar ƙiba, wadda ba ma son a taɓo. Ba gori nake yi wa kowa ba. Amma kitsen tumbi ya fi na ko'ina haɗari, domin yana kewaye hanji da hanta, yana hana jiki sarrafa suga, yana kuma ɗaga jini. Ka samu igiyar awo ka zagaya cikinka ta wajen cibiya. Idan ya kai rabin tsawonka ko ya wuce, akwai gyara. Ba sai ka rame ba. Rage kilo 5 kaɗai yana saukar da jini yadda za a gani a na'ura.

Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani da na leda. Tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako. Taba kuwa a bar ta gaba ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu ajiye magani. Likita ya rubuta, an sha wata biyu, jini ya sauka, sai a ce an warke. Ɗan'uwa, maganin ne ya saukar da shi, kana dainawa zai koma inda yake. In yana sa ka jiri ko tari ko kumburin ƙafa, ka koma ka faɗa, akwai wani irin da za a canza maka. Kada kuma ka ari na wani. Su ma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da muke haɗiya ba lissafi suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda.

Idan kuma ka ga bakin wani ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu a ɓangare ɗaya, magana ta sarƙe, ko ƙirji ya yi nauyi da gumi da sarƙewar numfashi, kada a ce bari ya huta tukuna. A kai shi asibiti nan take, domin wasu magungunan shanyewar jiki a cikin sa'o'in farko kawai suke aiki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.