Wa ke tambayar shekaru da nauyi kafin ya miƙa magani?

Shekarata shida ina aikin jinya a Ingila, a sashen tsofaffi, kuma har yau abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan tambayar da ake yi kafin ƙwaya ɗaya ta shiga bakin mutum. Da safe idan na turo keken magani, sai na tambayi mara lafiya sunansa da ranar haihuwarsa, na duba abin da aka ɗaura masa a hannu, na duba ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, na duba nauyinsa da gwajin ƙodarsa na baya-bayan nan. Tsohuwar da na ba magani jiya, yau ma sai na sake tambayarta. In mai ƙarfi ne irin su mofin, mu biyu za mu ƙirga, mu sa hannu a littafi. Farasitamol ɗin da muke ɗauka kamar gyaɗa, babba ba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, in kuwa tsohuwa ce ramammiya da ba ta kai kilo 50 ba, sai an rage mata. Tun 1998 doka ta taƙaita shi a nan: kwalin da ake sayarwa a kanti ba ya wuce ƙwaya 16, na kantin magani 32.

Duk wannan an koya mana shi a makarantar jinya a gida, ba a nan na fara jinsa ba. Abin da na gani a nan shi ne ana aiki da shi kullum, ko an gaji, ko layi ya yi tsawo.

Bara, ana tsakiyar zafi, ƙanena ya kira ni daga Kano ya ce ƙafafun Hajiya sun kumbura, ba ta cin abinci, fitsari ya ragu. Na ce ya tattaro duk abin da take sha ya shimfiɗa a tabarma ya nuna mini ta waya. Ga maganin hawan jini da asibiti ya rubuta mata, lisinofiril da ƙwayar da ke sa fitsari. Sai ga wasu ƙulle-ƙulle a farar leda, kowanne da ƙwayoyi huɗu ko biyar, ja da fari da ruwan ɗorawa, babu kwali babu suna. Haɗi ne na ciwon gwiwa daga wani kemis na unguwa. Na ce, "Hajiya, tun yaushe kike shan wannan?" Ta ce, "Ke 'yar nan, ai tun kafin azumi. In na sha shi ne nake iya sujada." Da ƙanena ya koma ya matsa wa mai kemis ɗin, sai ya ce akwai dikilofenak da ibufurofen a ciki, duka biyun a ƙulli ɗaya.

Gabana ya faɗi, domin wannan haɗuwa ce da ake yi mana gargaɗi a kanta kullum a wurin aiki. Ƙodar mai shekara saba'in ba ta tace jini kamar ta mai talatin. Irin waɗannan magungunan ciwon jiki suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, lisinofiril yana sauke ƙarfin tacewar, ƙwayar fitsari tana janye ruwan jiki. A ɗora zafin Kano da ƙishin azumi a kai. Gwaji ya nuna ƙodar ta taɓu. Allah ya sa an gano da wuri, likita ya tsayar da haɗin, ta farfaɗo. Mai kemis ɗin bai yi nufin cutar da ita ba, yana ma girmama ta. Bai dai tambaye ta shekarunta ba, bai tambayi me take sha ba, yaro aka aika da kuɗi aka ce a ba da maganin gwiwa.

Na yara ya fi ba ni tsoro. Mun saba a ce "ki raba biyu ki ba shi rabi", kamar yaro rabin babba ne. Da nauyi ake auna wa yaro magani. Ko Coartem na zazzaɓin cizon sauro haka aka tsara shi: mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya a kowane sha, mai 15 zuwa 24 biyu, mai 25 zuwa 34 uku, daga 35 huɗu, sau biyu a rana har kwana uku. Kemis nawa ne a unguwanninmu ke da sikeli? Ga cokalin shayi da muke auna maganin ruwa da shi, na wani gida ya kusa ninka na wani. A nan kwalbar farasitamol ɗin yara tana zuwa da sirinjin baki mai lamba. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin saboda cutar da yake iya jawowa ga hanta da ƙwaƙwalwa, ba a ba ɗan ƙasa da 12 kodin. A gida kuwa jariri ya yi zazzaɓi da gudawa, sai a ce haƙori ne, a sayo kwalba. Ba mu manta My Pikin ba, maganin haƙorin da ya gurɓata da guba ya kashe yara 84 a Najeriya daga ƙarshen 2008. Laifin masu haɗa shi ne, amma yana ƙona mini rai cewa fitowar haƙori ba ta buƙatar wannan kwalbar tun farko.

Ingila ma tana da nata ciwon. Ina karɓar tsofaffi masu shan magani iri goma sha biyu, wani an rubuta shi ne don gyara ɓarnar wani, har jiri ya kwashe su su faɗi su karya ƙugu. Ganin likita kuma sai ka yi ta jira. Na kuma san dalilin da ya sa mutanenmu ke zuwa kemis: yana kusa, yana buɗe da dare, yana ba da bashi, asibiti kuwa kuɗin mota da kati da wuni guda a layi. Ba zan zauna a nan in ce wa mai naira dubu ɗaya a hannu ya je ya ga ƙwararren likita ba.

Amma tambaya ba ta cin ko kwabo. Mai kemis zai iya cewa: na wane ne, shekararsa nawa, me yake sha, tana da ciki ko tana shayarwa? Zai iya ajiye sikeli a bakin ƙofa. Zai iya ba da magani a cikin fallensa da sunansa a jiki, ya daina ɓarewa yana ƙullawa a leda, domin ranar da abu ya faru, wannan sunan likita zai fara nema. Haɗi dai ina ganin ya kamata hukuma ta hana shi gaba ɗaya, mu kuma mu daina karɓa.

A gidanmu yanzu akwai littafi ɗan ƙarami, irin na 'yan firamare. Ƙanena ya rubuta sunan Hajiya da shekarunta da nauyinta, da kowane magani da lokacin shansa, a saman shafin kuma da jan biro: ƙodarta ta taɓa samun matsala, kada a ba ta dikilofenak ko ibufurofen. Duk wanda aka aika asibiti ko kemis da shi yake tafiya. Gwiwar tana nan tana damunta, farasitamol da gashin ruwan ɗumi ba su kai haɗin kashe ciwo ba, ta kuma faɗa mini haka ba sau ɗaya ba. A kujera take salla yanzu. Wata mai zuwa za a sake gwada ƙodar.