Dutsen Aro

Wanzami: Sarkin Fawa, ina dutsena da ka ara ka ce minti biyar?

Mahauci: Ga shi Sarkin Aska, karɓi kayanka, kuma gaskiya an cuce ka. Tun hantsi nake goga gatarina a kai har azahar, giɓin nan ko gezau, sai ƙyalli kawai bakin ke yi ina hango fuskata a ciki.

Wanzami: Gatari?! Gatarin sara ƙashi ka ɗora min a dutsen aska? Tsaya ma, wannan baƙin abin da ke naso a jikinsa fa?

Mahauci: Baƙin mai ne. Na ga ba ya ci shi ne na ɗan taimaka masa.

Wanzami: Innalillahi! Sarkin Maƙera taso ka ga abin da mutumin nan ya yi min, dutsen Japan fa, wanda ko ɗana ban yarda ya taɓa ba.

Mahauci: To dutse ai dutse ne, na Japan ɗin daga sama ya faɗo?

Maƙeri: Daga ƙasa aka haƙo shi, a tsaunukan kusa da Kyoto, kuma yawancin ramukan an daɗe da rufe su shi ya sa ka ga idonsa ya kawo ruwa. Su can kashi uku suka raba abin, akwai arato mai kaushi na cire giɓi, akwai nakato na tsakiya, sannan awasedo na gamawa, to kai na gamawar ka ɗauka ka ce ya yi maka aikin farko. Wannan ko kwana za ka yi a kai ƙarfen da zai ci bai taka kara ya karya ba.

Mahauci: Malalacin dutse ke nan.

Wanzami: Kai ne dai... bari in yi shiru.

Maƙeri: Kuma ruwa yake sha. Yayyafa masa ake yi, a kawo wani ɗan ƙaramin dutse nagura a murza a kai har laka ta taso, lakar nan ita ke wasa askar. Ba a ma barinsa ya kwana a ruwa don hawa-hawa yake, sai ya tsage ta nan.

Mahauci: To ni wallahi na taɓa ganin wani yana ɗiga wa nasa mai da idona.

Maƙeri: Na Amurka ka gani, dutsen Arkansas, daga tsaunukan Ouachita. Shi kusan zallar ƙanƙarar dutse ne, ƙwayoyinsa a manne suke gam ba ya sakin laka, man ne ke ɗauke garin ƙarfe kar ya toshe masa fuska. Mai marar kauri fa, ba wanda aka juye daga inji ba. Shi ma iri-iri ne, Washita ya fi ci, sai mai laushi, sai mai tauri, sai baƙin da wanda haske ke ratsawa, su ne ƙarshen santsi. Ba ya sauri amma ka shekara da shekaru kana aiki tsakiyarsa ba ta yi kwarmi ba.

Mahauci: Yauwa wannan ne nawa, mai haƙuri.

Wanzami: Naka? Mai haƙuri ma ka kai shi bango.

Maƙeri: Da rawayan nan na Beljiyam ka ara masa Sarkin Aska, da da sauƙi, shi ba ya tsotson mai, sabulu kawai ya wadatar.

Wanzami: Shi ma ba zan bayar ba! Wancan ƙananan ƙwayoyin wani dutse mai tauri da ake kira garnet ne a cikinsa, wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100, in lakar ta yi kauri ya ci ƙarfe da sauri, kana ƙara ruwa tana tsinkewa yana ƙara laushi har ka gama da ruwa zalla, dutse ɗaya aikin biyu. Shuɗin ɗan'uwansa garnet ɗinsa bai kai haka yawa ba kuma sun fi girma, shi ya fi dacewa da wuƙa.

Mahauci: To laushinsa lamba nawa ne? Na ji ana cewa dubu takwas.

Maƙeri: Kintace ne kawai. Lamba ta dutsen kamfani ce da aka tankaɗe garinsa aka auna. Na Allah ko rami ɗaya aka ciro biyu sai ka ga halinsu ya bambanta, sai ka ɗora ƙarfe za ka sani. Kai dai nemi dutsen yashi mai kaushi, shi ne abokin gatari.

Mahauci: Ai ina da shi, wani jibgege, yana cin ƙarfe kana jin ƙararsa daga nesa. Shi ya sa ma da na ga naka ba ya aiki tausayinka ya kama ni, na ɗauko askarka guda biyu da ka bari a kan benci na wasa maka su a nawa.

Wanzami: Ka yi me?

Mahauci: Kyauta fa, ko sisi ba zan karɓa ba. Taɓa ka ji, har haƙora suka yi. Sarkin Maƙera ba aski ka zo ba? Zauna a fara da kai.

Maƙeri: A'a, ni gaisuwa na zo. Miƙo min hulata.