Kafin a sake sayo injuna, a leƙa Panteka

Duk sanda aka taso da maganar gyaran ilimi a Najeriya, abin da hukumomi ke fara ambata shi ne sabuwar manhaja da sabbin kayan aiki. Haka aka yi da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. An shigo da injunan koyon sana'a domin ƙananan makarantun sakandare, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatuna, don babu wuta, babu kuma malamin da ya san kansu. Yara suka koyi aikin kafinta a jikin allo.

Shirin SIWES, wanda hukumar horas da ma'aikatan masana'antu, ITF, ta kafa a 1973 don ɗaliban manyan makarantu su ɗanɗani aiki a masana'antu, shi ma da kyakkyawar niyya aka yi shi. Sai dai masaƙun Kakuri a Kaduna sun rufe, masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai sun durƙushe. To ina za a tura ɗalibi? Sau tari sai ya ƙare a wani ofis yana zuwa aike, in wa'adi ya cika a buga masa hatimi a littafi.

Alhali ga aiki nan ana yi. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zai ga masu walda da maƙera da kanikawa suna yaye yara ba tare da sisin gwamnati ba. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ta fara bai wa irin waɗannan masu sana'a takardar shaidar ƙwarewa, kuma a ganina daga nan ya kamata gyaran ya tashi.

Za a ce ai a gareji babu kayan kariya, ana zagin yara, wani ogan ma da ka yake aiki, bai san lissafin abin ba. Gaskiya ne, kuma wannan giɓin ne makaranta za ta cike. A Jamus mai koyon sana'a yakan yi kwana uku ko huɗu a wurin aiki, sauran a aji, ana kuma biyansa. Mu ma a tantance gareji da shagunan ɗinki, a ɗaure su da makarantun unguwarsu, a biya ogan da ya karɓi ɗalibai, sannan makin da ya bayar ya shiga sakamakon ƙarshe kamar na kowane malami.