Filin ajiye motoci a tashar jirgi: a zauna da mutanen gari kafin katafila ta shiga

Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, hirar da ake yi a Dambatta da Kazaure ta jirgi ce: yaushe zai fara, nawa ne kuɗin zuwa Kano. Ban cika jin ana zancen filin da za a share a gaban tasha ba, inda ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai sammako zai bar motarsa ko babur ɗinsa. Alhali dogo daji yake ratsawa ya wuce, shi kuwa filin mota a bakin gari zai zauna, jikin gonaki da katangun mutane.

Ina son a yi filin. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar jirgi ta Rigasa a Kaduna ya ga irin motoci da adaidaita sahu da tashar jirgi ke jawowa, kuma in ba a tanadar musu wuri ba, kan titi za su tare. Damuwata watannin da za a ɗauka ana ginin ne, da abin da za a bar wa gari bayan an kwashe kayan aiki.

A fara da lokaci. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ba ta biyan diyyar ƙasar kanta, sai abin da ke kanta: shuka, itatuwa, gini. To manomin da aka shigar wa katafila gona a watan Agusta, gero ya fara fitar da kai, wace diyya ce za ta cika masa rumbu? A jira kaka ta wuce. Gawo da ɗorawa da kukar da ke filin kuma ba dole ne a sare su duka ba. Motar ma tana son inuwa.

Sai dai aikin rani ƙura ne, a zo a haɗa da hazon hunturu. Maganinsa sananne ne: tanka ta riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, tipa ta rufe kayanta da tamfol, kada ta bi ta ƙofar makaranta lokacin tashi, kada ta kutsa gari ranar kasuwa. Amma a tambayi ɗan kwangila daga ina tankar za ta ɗebo ruwan. Idan daga rijiyar burtsatsen da mata da yara ke layi a kanta ne a watan Maris, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ya haƙa tasa, in ya gama ya bar wa gari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ramin burji. Ciko yana cin jar ƙasa mai yawa, kuma a kusa ake haƙo ta don rage kuɗin dako. Aiki ya ƙare, motoci su tafi, rami ya zauna da gefensa a tsaye kamar bango. Damina ta farko ya cika. Yaron ƙauye ya saba da kududdufin garinsu, ya san inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Wannan kuwa sabon rami ne, taku biyu daga baki ruwa ya shanye kansa. Kusan kowace damina muna jin labarin yaran da suka nutse a irin waɗannan ramuka a Kano da Jigawa, a yi ta'aziyya, a watse. Ko a cike ramin, ko a kwantar da gefensa a kewaye shi ya zama mashayar dabbobi, tunda makiyaya na bukata. In burtali ya bi ta wajen, a fitar masa da wata hanya tun kafin a kafa shinge, ba sai shanu sun faɗa gonar wani ba.

Ruwan sama ma lissafi ne. Hekta ɗaya da aka shafe da kwalta, in aka yi ruwa na milimita 50, lita 500,000 za ta zubar, duro 2,500 ke nan, wanda a da yashi ke shanye mafi yawansa. Gidajen da ke gangare ginin ƙasa ne. Magudana da kwalbati su riga kwalta, kuma a nuna wa mai unguwa inda bakinsu zai fita.

Za a ce duk wannan ƙarin kuɗi ne da jinkiri. Gaskiya ne, akwai ƙari, amma tankar ruwa da cike rami ba su kai komai ba a kwangilar layi mai tsawon kilomita 284. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ma ta tanadi jin ra'ayin jama'a. Matsalar, rahoton da Turanci yake, a ofis ake ajiye shi, wanda ƙurar za ta shiga ɗakinsa bai san da shi ba. A karanta sharuɗɗan da Hausa a ƙofar dagaci bayan sallar Juma'a, da manoma da arɗo da wakiliyar mata, a ba su lambar wanda za su kira in an saɓa. Kason ƙarshe na kuɗin ɗan kwangila kuma a riƙe shi sai damina ɗaya ta wuce, dagaci ya zaga ramin da magudanar ya sa hannu.